Ranar da Ake Korar Mai Gida

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba wadari, ya rataye sama ba igiya, ya raba wa bayinsa hannu da ido yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ce Tasalla, matar marigayi Dogara mai gidan saƙa na Birnin Garwashe, can bayan duwatsun da rana kan makara kafin ta haura su. Karatuna kaɗan ne, ba na ɓoyewa. Baƙi ɗaya-ɗaya nake tsinta kamar mai tsince tsakuwa a wake, saboda haka wanda ya ga karkata a rubutun nan ya miƙe ta da kansa. Amma in ana maganar ciniki, ku tambaya, ba a haifi falken da ya tashi daga tabarmata yana murmushi ba.

Dogara ya rasu ya bar mini doguwar rumfa, da masaƙa goma sha tara a ƙarƙashinta, da salon saƙa guda tara waɗanda duk ƙasar ta san na gidanmu ne. Ɗa babu, jika babu. Danginsa suka zo za su sayar da gidan, na tare su a zaure, kafin azahar suka fita suna ba ni haƙuri. Shekara bakwai na riƙe gidan nan ni kaɗai.

A cikin shekarun nan wata saƙa ta fara shigowa kasuwarmu daga nesa, ana ce da ita 'yar Shalmaru. Zarenta bai fi namu ba, na murza na gani. Rininta bai fi namu ba, na tauna na tofar. Abu ɗaya ne kawai: ta bana ba ta kama da ta bara, ta bara ba ta kama da ta bara waccan. Mu kuwa salon nan tara, su ne jiya, su ne yau. Fatake suka koma gaishe ni daga kan raƙumi, su wuce.

Wata safiya Baba Cindo ya durƙusa a bakin tabarmata. Shi ne babban masaƙinmu, tsoho mai yatsa shida a hannun dama, tun Dogara na saurayi suke tare.

Ya ce, "Uwar ɗaki, mutane sun aiko ni."

Na ce, "Bakinsu ciwo yake yi?"

"Sun ce kaya sun cika ɗaka, ba mai ɗauka. Sun ce in an yi girbi kowa zai naɗe wadarin masaƙarsa ya nemi wani gida."

"Kai fa?"

Ya dubi yatsun nan nasa kamar yau ya fara ganinsu. "Ni ma akwai bakuna a gidana, uwar ɗaki."

Na ce su ba ni shekara guda, in je Shalmaru in zo da asirinsu. Ya ce wata huɗu. Na ce goma. Muka ja, muka ja, muka tsaya a kan bakwai: in wata bakwai sun cika gidan Dogara bai fitar da sabon salo ba, kowa ya kama gabansa, a rufe rumfa. A raina na ce asirin nan ko laya ce, ko wata irin masaƙa, ko littafi. Ko mene ne dai abu ne, abu kuwa yana da farashi, farashi kuma nawa ne. Na ɗaure wa jakina kaya, na fita ta ƙofar gabas. Ba wanda ya raka ni, ni ma ban nema ba.

Bayan wata guda na isa Kurmusu, birnin da ke da soro ɗaya tak, amma mai hawa bakwai, inuwarsa kan rufe rabin gari. Na wani attajiri ne, Bargaja, kuma masaƙa ɗari uku ne a ciki. Dokarsa ita ce duk Juma'a kowane masaƙi ya kawo salon da ba a taɓa gani ba, wanda ya kasa a rage masa tuwo. Yana da wani littafi da ake zana kowane salo a ciki, girmansa ya kai sai ƙarti huɗu ke juya shafi guda.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da na ji haka mutumin ya burge ni. Na ce ga namiji, ga yadda ake riƙe gida. Ban gama yaba shi ba sai dogarawansa suka kama linzamin jakina, ashe dokar ta haɗa da baƙi. Duk baƙon da ya shigo sai ya ba da salon da babu a littafi, in ba haka ba ya zauna a soro har ya samo.

Na zana musu salon Dogara na farko. Ƙarti suka juya shafuka, ga shi a ciki. Na biyu, ga shi. Har na tara, duk fatake sun riga ni kawowa. Aka haura da ni hawa na huɗu aka ajiye ni a gefen wani masaƙi ramamme, wuyansa kamar na zalɓe.

Na ce, "Malam, ku da kuke fitar da sabon salo duk mako, ina kuke samo shi?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya ce, "Inna, wane sabo? Na bara muke kifawa, mu sa masa wani suna. In an gane, mu juya shi a kaikaice. Wanda ke tunanin tuwon Juma'a ina ya ga wurin wani tunani?"

Kwana goma sha ɗaya na yi a soron nan ina kallon yadda kwanakina ke zuba. Mutum ɗari uku, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙoshiya, ɗan katakon nan da ake wurga zare da shi. Rana ta goma sha biyu na yage gefen farin mayafina na ce a kai ni gaban Bargaja.

Ya juya ƙyallen gaba da baya. "Ke tsohuwa, ina salon?"

"Tsohuwa tana gidanku. Salon ke nan a hannunka, fari sol, ba ja ba baƙi. A duba littafi."

Aka duba tun hantsi har la'asar, ƙarti suka jiƙe sharkaf. Can mai kula da littafin ya yi tsalle ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi! Ga shafuka farare a ƙarshe, har sun fi ɗari!"

Na ce, "Madalla. In waɗannan fararen salo ne, to littafinka ya cika ke nan, ba sauran wurin zana wani, sai ka sallami mutane su tafi gida. In kuwa ba salo ba ne, to nawa sabo ne, sai ka sallame ni. Zaɓi ɗaya, ranka ya daɗe, ba na son in matsa maka."

Ya tauna gemu. Ya ga sakin mace ɗaya ya fi masa sauƙi da sakin maza ɗari uku. Aka ba ni jakina, har da ragowar dusarsa, don na ce ba na tafiya sai da ita.

Daga Kurmusu hanya ta bi da ni ta wani kwari mai farin dutse, tafiyar kwana goma sha biyu. Ba gari, ba rijiya sai tafki nan da can, ba ko tsuntsu. Abin da na fara lura da shi, in na yi magana ba na jin muryata. Baki na motsi, kunne shiru. Na ce to, ba komai, jaki dai yana gani. Na yi ta yi masa faɗa saboda nawarsa. Da na gaji da shi na koma kan Baba Cindo da sauran, ina shirya abin da zan gaya musu in na koma da asiri a hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da laifinsa.

Rana ta huɗu da hantsi sai na ji wata mata a bayana tana zazzaga masifa. "Kai, malalacin banza! Don abincin ba daga gumin ubanka yake fitowa ba!" Murya kamar ana kankare ƙoƙo da wuƙa. Jakina ya noƙe kunnuwa. Na ɗauki sanda na zagaya duwatsu ina neman mai wannan baki, don in gaya mata ba a yi wa dabbar mutane haka. Ban ga kowa ba. Sai da ta ce, "Kai kuma Cindo, yatsa shida amma aikin mai huɗu," sannan sandar ta faɗi daga hannuna.

Ashe halin kwarin ke nan. Yana riƙe magana kwana uku, sannan ya mayar wa mai ita.

Kwana uku cur matar nan ta bi ni. In na tsaya salla tana nan, in na buɗe guzuri tana nan. Ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, duk abin da ta ce haka yake, amma wallahi da a gidanta nake aiki da ko tari ba zan yi ba sai na nemi izini. Na ce bari in faɗi wata magana mai daɗi yanzu, don in sami abokin hira nan da kwana uku. Na laluba cikina, na laluba, ban sami komai ba. Daga ƙarshe na kira sunan Dogara, sau ɗaya, yadda nakan kira shi in abinci ya sauka. Bayan kwana uku, ina tsaka da ɗaure wa jaki kaya na manta, sai na ji an kira shi a hankali a gefena. Na juya da sauri in ga ko zai amsa.

Wata uku cif da fitowata na hango Shalmaru. Birni ne a manne jikin duwatsu biyu masu fuskantar juna, tsakaninsu rami wanda in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Gadojinsu duk saƙaƙƙu ne, na igiya da zare, suna lilo a iska. Jaki ba ya hawa irinsu. Na bar nawa wurin wani mai gona a ƙasa. Bai ko waiwaye ni ba, ya sa kai a ciyawa.

A tsakiyar babbar gada na ga ƙyallaye kamar talatin a rataye jikin igiya, kowanne bai fi kamu biyu ba, ba mai tsaro. Yawancinsu shirme ne, wani kamar an taka ƙadangare, wani kamar amai. Amma akwai ɗaya, shuɗi mai duhu da wani siririn ja da ke ɓacewa ya sake ɓullowa kamar hanya a cikin dawa. Na wuce shi. Na dawo. Na duba gaba da baya ba kowa. Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, na ce aro ne, na fizge shi na cusa a ɗan tofina.

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Ashe akwai siririn zare a jikinsa.

Mutane suka ɓullo ta kowane gefe. Na rufe ido na ce shi ke nan, hannun Tasalla ya tafi. Sai na ji guɗa. "Ɓarauniya! Allah ya kawo ɓarauniya!" Wata ta rungume ni, wani ya riƙe mini takalmi, aka ɗauke ni caɗak har ƙofar wani babban gida. Ƙofar a kulle take, daga ciki ana jin kiɗa da shewa. A waje kuwa, a kan wani faffaɗan dutse, ga wata gajeriyar tsohuwa zaune ita kaɗai da laima, tana ɓare gyaɗa. Aka ce mini ita ce Halkuma, mai gidan saƙar da ya hana ni barci.

Ta ce, "Sannu da zuwa, ɓarauniyata. Zauna. Me ya sa kika ɗauki wannan kika bar sauran?"

Na ce, "Ni ba ɓarauniya ba ce. Ni matar Dogara ce ta Garwashe."

"Allah ya ji ƙan Dogara in ya rasu, ya ƙara masa haƙuri in yana raye. Me ya sa wannan?"

Na gaya mata. Na ce jan nan da ke ɓacewa shi ke sa ido ya bi shi, mace in ta ɗaura za a kalle ta sau biyu. Na ce amma bakinsa ya yi sako-sako, falke zai rage kuɗi a kan haka. Ta gyaɗa kai ta ce wa na kusa da ita, "Kun ji. Shi za a saƙa bana, a ƙara matse bakin."

Sannan ta warware mini. Mutanen gari in ka tambaye su wanne ya fi kyau, ladabi suke yi maka. Baƙon da ya sa hannunsa a haɗari saboda ƙyalle, shi ne ba ya ƙarya. Don haka suke rataye gwaje-gwajensu a gada su jira ɓarawo.

Na ce, "To ke me kike yi a waje, gidanki na kulle?"

"An kore ni. Duk kwana biyar ake korata, da ganga ma. A buɗe musu kwandon guntayen zare, kowa ya saƙa abin da ya ga dama, ko ya kwanta ya yi barci. Abin da suka saƙa su jefa a randa, ba suna."

"Ba ki san wanda ya yi wannan ba?"

"Ban sani ba, ba na kuma so. Ran da na san mai shi zan fara kallonsa, sauran su fara kallon inda nake kallo, su yi ta saƙa mini abin da suke zaton ina so. In ƙyalle ya ci, gida duka ake yanka wa sa."

Na ce, "Nawa za ki sayar mini da salon bana?"

Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. "Ɗauki duka talatin ɗin, 'yar'uwa, kyauta. Kafin ki kai gida sun tsufa."

A duniya ba abin da na tsana kamar a ba ni abu kyauta, don ba ka san inda aka cuce ka ba. Na zauna ina juya maganar. Kwandon guntaye. Mai gida a waje. Sai na tuna mijina.

Dogara, duk ranar Alhamis, yakan ɗauki fatsa ya tafi rafi tun safe, sai la'asar. Shekara ashirin da shida bai taɓa kawo ko tarwaɗa ɗaya ba. Na yi masa gorin haka har na gaji. Akwai kuma wani ƙaton kwando a ƙarshen rumfa inda ake zuba guntayen zare, sau nawa na ce a sayar, ya ce, "Bar shi, Tasalla, ba ya cin tuwo." Ran da na fita takaba, aikin da na fara yi ke nan. Na kira masu ɗinkin akumarin jaki na sayar musu da kwandon kaf, muka ƙulla cewa duk mako su zo su kwashe na gaba. Cinikin ya yi kyau har na ba da labarinsa a gidan biki. Daga ranar kuma na shimfiɗa tabarmata a bakin rumfa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, Asabar zuwa Juma'a, ko zazzaɓi bai taɓa tashe ni ba. Salon nan tara da nake taƙama mijina ne ya ƙago su, ban taɓa ganinsa yana zana ko ɗaya ba.

Halkuma ta miƙo mini gyaɗa. Muka zauna, mata biyu a kan dutse, ana shewa a cikin gida ba da mu ba.

Da na ce zan tafi sai aka ce ai akwai doka. Ɓarawon da aka kama yakan zauna shekara guda yana duba musu ƙyallaye, a ci da shi a sha da shi. Na ce kwana bakwai. Ta ce shekara. Na ce wata guda, in haɗa da koya wa mutanenta yadda ake tsare falke. Ta ce shekara. Na ce zan ba da awarwarona, na ce zan ba da jakina, na ba da abin da ban taɓa ba wa kowa ba, wato haƙuri. Tsohuwar nan ko gezau. Ban taɓa gamuwa da irinta ba.

Can ta ce, "Ƙofa ɗaya ce. Zo ki gani."

Ta kai ni zauren gidan. Bangonsa huɗu a lulluɓe da saƙar da ta lalace, karkatattu, tsinkakku, masu kumburi. A tsakiya, daidai inda ido ke fara sauka, ga wata mafi muni duka, da suna a ƙasanta. Na tsinci baƙaƙen ɗaya-ɗaya: Halkuma.

Ta ce, "Duk sabon masaƙi da tawa yake fara cin karo, sai gabansa ya daina faɗuwa. Ki zauna a masaƙa gaban mutanena, ki saƙa kamu ɗaya da hannunki, mu rataye da sunanki. Sai ki tafi."

Ni matar masaƙi, mai gidan masaƙa, ban taɓa riƙe ƙoshiya ba. Na san kuskuren kowa daga nesa, amma ƙafata ba ta san inda ake takawa ba. Kwana biyu ina cewa a'a. Na lissafa tafiyar da ke gabana na ga in na ƙara, ko na tashi sama ba zan isa ba. Rana ta uku na zauna. Ƙoshiya ta kuɓuce ta bugi wani a goshi. Zare ya tsinke sau goma sha wani abu. Wata mata ta ce, "Inna, saƙa kike ko dambe?" Aka fashe da dariya, mutum sama da ɗari. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fito kamar hanjin akuya. Aka rataye shi kusa da na Halkuma, aka rubuta Tasalla ta Garwashe. Yana can har yau, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai a wannan takarda.

Na iso gida saura kwana goma sha ɗaya wa'adi ya cika. Takwas daga cikin masaƙa sun riga sun tafi, ba su jira ba. Baba Cindo ya dubi kayan jakina ya ga ba laya, ba littafi, ba sabuwar masaƙa.

"Uwar ɗaki, ina asirin?"

Na ce, "Jeka kira mini masu akumari."

Na warware cinikin da na fi alfahari da shi a rayuwata, na sayi guntayena da tsada a hannun mutanen da na saba murɗe wa wuya. Suna fita suna taɓa juna. Na ajiye kwando a ƙarshen rumfa na ce, "Ranar Alhamis ba ni nan. Kowa ya yi abin da ya ga dama da wannan. Abin da kuka yi ku jefa a randar can, kada a sa suna." Suka dubi juna. Baba Cindo kaɗai ya sunkuyar da kai.

Alhamis ta zo na fita, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ta waje. Da la'asar na leƙa randa. Wayam.

Na ce, "Cindo, wannan wane irin wulaƙanci ne? Na ba ku zare, na ba ku yini!"

Ya ce, "Uwar ɗaki, in faɗi?"

"Da can izini kake nema?"

"Kin fita, amma muna jin tarinki ta katanga. Sau uku kika yi gyaran murya, sau uku kowa ya koma kan aikinsa na jiya. Marigayi har rafi yake zuwa."

Na buɗe baki, na tuna ba ni da wata Alhamis sai ɗaya. Na rufe.

Alhamis ta ƙarshe na fita tun sassafe, na bi ta ƙofar gari, na yi tafiya har ganuwa ta ɓace mini. Na sami gindin wata ɗorawa a gefen hanya na zauna. Ba abin yi, ba wanda zan ce wa ya rage ko ya ƙara. Na ga tururuwa ta ɗauki ƙwayar gero daga bakin tabarmata har raminta. Sau biyu na miƙe zan koma in ga ko ɓarna suke yi mini, sau biyu na kama reshe na zauna. Yinin nan ya fi mini tafiyar Shalmaru tsawo.

Da la'asar na tarar da ƙyalle huɗu a randa. Uku ba su da kai ba su da gindi. Na huɗun fari ne da baƙi, an jera su kamar gashin zabuwa, sai wani ɗigon rawaya da ba ka ganinsa sai ka karkata shi. Na ɗaga kai. Mutum goma sha ɗaya, kowa ya ƙura wa ƙafarsa ido. Tambayar ta zo har kan harshena, wa ya yi wannan? Na cije ta har na ji gishirin jini.

Na rataye su huɗun a bakin rijiyar da fatake ke shayar da dabbobi. Kwana biyu ba wanda ya taɓa. Ranar da wa'adi ya cika, masaƙa sun fara naɗe wadari, sai ga mai jan ruwa da gudu yana cewa an yi mini sata, wani falke ya yi gaba da ɗaya, a bi shi. Na ce wanne? Ya ce mai kama da zabuwa. Na ce a bar shi, Allah ya kai shi lafiya. Mutumin ya koma yana gaya wa jama'a tafiya ta taɓa mini kai.

Baba Cindo ya warware wadarinsa ya mayar. Sauran suka bi.

Yau shekara shida ke nan. Masaƙa ashirin da uku ne a rumfa, fatake na sauka. Salo nawa muka fitar, ban san mai ko ɗaya ba. An ce ranar Alhamis har waƙa suke yi, wai Baba Cindo ne ke ba da amshi. Ban taɓa ji ba. Ni ina gindin ɗorawa.

Makon jiya wata mata ta tsaya shan inuwa a wurina, baƙuwa ce daga ƙauye, ta ɗaura wani sabon salo kore da ban taɓa gani a jikin mutum ba. Na kama gefensa na murza.

Na ce, "'Yar nan, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Gidan Dogara mana, Inna. Ai yanzu ba kamarsu. Amma in za ki je ki je ranar Alhamis, kamar yau. An ce mai gidan wata irin mata ce, ko gaisuwa sai ta nemi ragi. Alhamis ba ta nan, kowa sai ya sake."

Na ce, "Haka aka ce?"

"Haka kowa ke faɗi. Ke ma zo mu je tare mana, ki daina zama ke kaɗai a nan."

Na ce mata ta yi gaba, ni sai la'asar. Ta gyara ɗaurinta ta kama hanya, na bi koren nan da ido har ya shige ƙofar gari.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba, ban kuma rage wa kowa ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da kyau.